Haladu da Na'ura Mai Baki Biyu

An yi wani mutum a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, don masu abin suna nan da ransu, ni kuwa ba tonon asiri ya zaunar da ni a gabanku ba. Wani bawan Allah ne ana kiransa Haladu. Ku gyara zama, jama'a, ku saurara da kyau, don labarin nan duk ranar da na tuna shi sai na ji raina ya ɓaci.

Haladu ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ɗan kowa ba ne a garin. Makarantar koyon sana'a ya yi, ya fito da 'yar takardarsa, Allah ya ba shi aiki a wata masana'anta a bayan gari. Siriri ne, mai sanyin murya, irin mutanen nan da sai an tashi daga taro sannan a tuna ashe suna wurin. Matarsa ɗaya, Tabawa, da 'ya'ya huɗu, a ɗaki biyu na haya.

Abin da masana'antar ke ƙerawa shi ne kan tukunyar gas, wannan da mata ke ɗaura wa tukunya su murɗa su kunna wutar girki. A cikin kan nan akwai wani ɗan ƙarfen tagulla, bai fi gaɓar ƙaramin yatsa ba. Aikinsa ɗaya ne: ya danne wata 'yar roba don kada gas ya samu hanyar fita. In tsayinsa ya cika, ya danne ta sosai, gida ya zauna lafiya. In ya gaza da kaurin gashin kai biyu ko uku, robar ba ta dannuwa, gas ya riƙa sulalewa a hankali yana taruwa a ɗakin girki, har ranar da wata baiwar Allah za ta ƙyasta ashana. Kun ji ko? Kaurin gashi uku tsakanin tuwon dare da jana'iza.

To idon ɗan Adam ba ya ganin wannan bambanci. Shi ya sa mai kamfanin, Alhaji Maiwada, ya sayo wata na'ura daga ƙasar waje, mai kyamara da fitila. Sai a ɗora ƙarfen a kan wani ɗan faranti, fitila ta haska shi, kyamara ta dube shi, ta nuna tsayinsa a allo. In ya cika ta kunna kore, in ya gaza ta kunna ja. A gaban wannan na'ura aka zaunar da Haladu. Shi ke aunawa, shi ke sa hannu a takardar da ke shaida cewa kaya sun cika awo kafin a harhaɗa su a zuba a kwali.

Manajan wurin sunansa Lurwanu, ɗan ƙanwar Alhaji ne. Ranar da Haladu ya kama aiki ya nuna masa wata babbar roba a ƙarƙashin tebur, ya ce, "Duk wanda ta ba ja, ka jefa a nan. In an yi azahar ka kwaso su ka sake aunawa. Wanda ya ba da kore ya wuce. Sauran ka sake auna su da la'asar."

Haladu ya ce, "To, yallaɓai."

Ya yi wata biyu yana bin wannan umarni, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙarfe dai ba ya girma. Ba yaro ba ne, ba shuka ba ce. Ta yaya abin da ya gaza da hantsi zai cika da la'asar? Roba takan cika da safe, kafin a tashi aiki ta koma kusan wayam. Ina gazawar ta tafi?

Rannan sai ya ɗauki ƙarfe guda ɗaya, ya ɗiga masa jan fenti don kada ya ɓace masa cikin 'yan'uwansa. Ya ɗora, ya sauke, ya ɗora, ya sauke, daga safe zuwa yamma, har sau talatin, yana rubuta abin da allo ya nuna. Sau goma sha takwas ta ce kore. Sau goma sha biyu ta ce ja. Ƙarfe ɗaya, jama'a! Hannu ɗaya, tebur ɗaya, rana ɗaya.

Ya ɗauki takardar ya nufi ofishin manaja, ya yi sallama ya rusuna.

"Yallaɓai, na zo da wata magana ce a kan na'urar nan. Baki biyu gare ta. Na auna abu ɗaya sau talatin, ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba."

Lurwanu ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Ka san nawa aka sayo ta?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Albashinka na shekara ashirin bai saye ta ba. Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka karatu, sun fi ubanka. Kai da 'yar takardar koyon sana'a za ka ce tana ƙarya?"

"Ban ce ƙarya take da gangan ba, ranka ya daɗe. Ina ganin akwai abin da ke damunta. Tsorona shi ne, in tana ce wa mai kyau ja, to tana ce wa marar kyau kore. Kuma mu da muke sake aunawa har sai ta ce kore..."

"Haladu, an ɗauke ka ka danna maɓalli ne, ba ka yi tunani ba. Koma bakin aikinka."

Ku ji fa! An ɗauke ka ka danna maɓalli, ba ka yi tunani ba. Wallahi akwai masu faɗin wannan magana a ofisoshi da kasuwanni har gobe, kuma suna sallah a sahun gaba.

Da wani ne, da ya ce shi ke nan, na faɗa an ƙi, na fita haƙƙi. Haladu bai ce haka ba. Ya koma ya zauna ya zuba wa na'urar ido kamar mai jinyar marar lafiyan da ba ya magana. Me ke damunki? Abin da yake ta tambaya ke nan a ransa.

Abu na farko da Allah ya nuna masa, a kofin shayi ya nuna masa. Ya ajiye kofin a gefen tebur, sai ya ga shayin yana rawa. A bayan bangon ɗakin akwai wani ƙaton inji mai buga ƙarfe, duk bugun da ya yi sai ƙasa ta amsa, tebur ya amsa, kyamara ta amsa. Mai auna kaurin gashi, ana girgiza masa hannu, me zai auno?

Na biyu taga ce. Da safe ɗakin inuwa ne. In rana ta karkata sai haskenta ya faɗo kan farantin, ya gauraya da hasken fitilar, kyamara ta kasa gane inda ƙarfe ya ƙare da inda inuwarsa ta fara. Sai ta ƙara masa tsayin da ba nasa ba. Nan Haladu ya gane dalilin da gajerun safe ke zama dogayen la'asar. Ya riƙe baki ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe rana ce ke sa mana hannu."

Bai tsaya nan ba. Ya lura in an kunna na'urar da safe, rabin awar farko lambobinta zamewa suke yi har sai fitilar ta yi ɗumi. Ya lura ƙarfen yana zuwa da maiƙon inji a gindinsa, maiƙon ya kama ɗan ƙura, ya ɗaga shi sama kaɗan. Ya lura in ya ajiye shi a tsakiyar faranti lamba daban, in ya kauce gefe lamba daban. Kuma da ya shiga sito neman tsumma, sai ya tarar da wani ɗan akwati da ya zo tare da na'urar, ko ledarsa ba a yage ba. A ciki akwai ƙarfen gwaji, wanda masu na'urar suka rubuta ainihin tsayinsa a jikinsa, don a riƙa daidaita ta da shi kowace safiya. Shekara biyu yana kwance a sito, ƙarƙashin tsofaffin takalman aiki.

Sai ya shiga gyara, a lokacin hutunsa, da abin aljihunsa. Ya je wurin mai faci ya sayo tsohuwar tayar babbar mota, ya yanka ta gida-gida ya sa a ƙarƙashin ƙafafun tebur. Ya roƙi Tabawa wani baƙin zane mai kauri da ta daina ɗaurawa, ya haɗa katako ya yi wa na'urar rumfa, rana ta daina leƙa ta. Ya je wurin Mati, wani dattijo mai walda a kamfanin, ya ce, "Baba Mati, ka taimaka ka yi mini wani ɗan mazauni, wanda in na sa ƙarfen nan a ciki ba zai iya zama ko'ina ba sai wuri ɗaya."

Mati ya dube shi ya ce, "Wa ya sa ka wannan aikin, ɗan nan?"

"Ba kowa, Baba."

"Za a ƙara maka wani abu?"

"A'a."

Mati ya girgiza kai, amma ya yi masa.

Mako uku ana wannan. Ya riƙa zuwa da rabin awa kafin kowa don ya kunna na'urar ta yi ɗumi. Ya daidaita ta da ƙarfen gwaji. Ya goge faranti, ya goge gindin kowane ƙarfe kafin ya ɗora. Sannan ya ɗauko wancan mai jan fentin ya sake aunawa sau talatin, safe da rana da yamma. Sau talatin ta faɗi magana ɗaya. Bambancin da ke tsakanin lambobin bai kai a kira shi bambanci ba. Kuma maganar da ta faɗa ita ce ja. Ƙarfen nan gajere ne tun asali, sau goma sha takwas ɗin da ta ce masa kore, duk shaidar zur ce.

Haladu ya yi hamdala, har ya ji ƙwalla ta taru masa. A zatonsa gobe za a ce masa sannu da aiki. Bawan Allah, bai san duniya ba.

Don kun san abin da ya biyo baya? Robar da ke ƙarƙashin tebur ta daina raguwa. Abin da ya ba da ja da safe, ja yake bayarwa da azahar, ja da la'asar, ko sau ɗari za ka ɗora. Cikin kowane biyar, ɗaya gajere ne. Haladu ya bi diddigi ya gano duk gajerun daga inji na uku suke fitowa, wani abu ya sassauce a cikinsa yana cin ƙarfe fiye da ƙima. Gyaransa kwana huɗu ne da tsayar da aiki. Ga shi kuma kamfanin ya karɓi kwangilar kawuna dubu goma sha biyu, babbar mota za ta tashi da su ranar Alhamis.

Ran Litinin Lurwanu ya faɗo ɗakin kamar an jeho shi. Ya ga roba uku cike da ƙarafa, ya ga baƙar rumfa, ya ga taya a ƙarƙashin tebur.

"Wane ɗan iska ne ya yi wannan?"

Haladu ya miƙe ya ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Ka lalata mana na'ura! Shekara biyu tana aiki lafiya, ka zo ka rataya mata zanen matarka!"

"Ban lalata ta ba, ranka ya daɗe. Yanzu ne ta samu lafiya. Ga ƙarfen gwajinta nan, ka ɗora da hannunka sau nawa kake so, ka ga ko za ta canza magana. Laifin ba nata ba ne, inji na uku ne. In aka tsayar da shi..."

"A tsayar da shi? Kai za ka biya tarar kwangilar?"

Ya sa hannu ya fizge baƙin zanen ya yar a ƙasa, a gaban ma'aikata. Ya sa aka ɗaga tebur aka zare tayar, aka cire mazaunin nan. Ya jira rana ta faɗo kan faranti, ya sa aka juye robobin nan uku aka yi ta aunawa ana sakewa, har sai da kusan duka suka ba da kore. Jama'a, wannan ba kuskure ba ne. Da can ana iya cewa bai sani ba. Yanzu ya sani, an nuna masa, ya gani da idonsa, ya zaɓi ƙaryar don ita ce mai biyan bukata. Wannan shi ne abin da ke tafasa mini zuciya.

Da aka gama ya miƙa wa Haladu takarda da biro. "Sa hannu."

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"Takardar nan cewa take na auna na ga sun cika. Ni kuwa na auna na ga ba su cika ba."

"Kana da 'ya'ya nawa?"

"Huɗu."

"To ka je gida ka dube su da kyau, ka dawo gobe ka gaya mini ba za ka iya ba."

Haladu ya sunkuya ya ɗauki zanen matarsa daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ninke, ya ajiye a gefe.

Da ya koma gida da yamma ya tarar Tabawa tana fifita gawayi a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya kwashe labari duka ya gaya mata. Da ya gama ta ce, "Malam, mu da ko tukunyar gas ɗin ba mu da ita. In aka kore ka, me za mu ci?"

Ya ce, "Ban sani ba, Tabawa. Wallahi ban sani ba. Amma wadda za ta kunna, ita ma uwar wasu ce. Tana tsugune ne kamar yadda kike tsugune, da goyo a bayanta."

Ta ci gaba da fifita. Can ta ajiye maficin ta dube shi.

"To kada ka sa hannu. Amma ina tambayarka, in ka ƙi sawa, motar za ta fasa tashi?"

"A'a. Shi zai sa nasa."

"Ashe ke nan hannunka kawai ka wanke. Kayan suna nan tafe gidajen mutane."

Kun ji mace ta gari. Maganar nan ta soke shi fiye da zagin manaja, don gaskiya ce. Ƙin sa hannu zai tsirar da shi, ba zai tsirar da kowa ba.

Washegari ya koma ya sake cewa ba zai iya ba. Lurwanu ya sa nasa hannun, ya cire Haladu daga ɗakin awo ya mai da shi cikin masu loda kwali. Da aka tashi aiki Haladu ya nufi gidan Alhaji Maiwada. Maigadi ya ce Alhaji ba ya ganin ma'aikata a gida. Ya tsaya a bakin ƙofa har magariba, ba a bar shi ya shiga ba. Ran Laraba, saura kwana ɗaya mota ta tashi, ya nemi izinin fita, ya je masallacin unguwar Alhaji ya yi la'asar, ya jira shi a wurin takalma. Da Alhaji ya fito sai ya durƙusa a gabansa, ga shi bai taɓa yi masa magana ba a rayuwarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ma'aikacinka ne, Haladu, mai awo. Ba roƙo na zo yi ba. Kayan da za su tashi gobe akwai masu yoyon gas a cikinsu. Ban ce ka yarda da ni ba. Ka zo ka buɗe kwalin da ka ga dama da hannunka, ka ba ni ruwan sabulu. In ƙarya nake, ka sa a ɗaure ni."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da gobara ɗaya za ta yi wa sunan kamfaninsa. Ya ce, "Shiga mota."

Suka iso an kusa gama lodi. Alhaji ya sa aka sauko da kwali biyar daga wurare daban-daban, ya zaro kawuna goma da kansa. Aka kawo tukunyar gas a fili. Haladu ya ɗaura na farko ya shafa masa ruwan sabulu, shiru, ba kumfa. Na biyu, shiru. Na uku, shiru. Lurwanu ya fara murmushi yana cewa, "Kawu, ka gani ko? Na gaya maka mutumin nan taɓin hankali gare shi." Aka ɗaura na huɗu. Haladu ya ce, "A ɗan dakata masa." Ma'aikata duk sun kewaye suna kallo. Sai ga wata 'yar kumfa ta ɓullo a gefe, ta kumbura, ta fashe. Wata ta biyo ta. Wata ta biyo. Cikin goman nan, biyu suka yi kumfa.

Alhaji ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "A sauke kayan nan duka."

Aka sauke. Aka tsayar da inji na uku aka gyara. Alhaji ya ce wa Haladu ya mai da na'urar yadda ya yi mata. Ya mai da taya, ya mai da rumfa, ya mai da mazaunin da Mati ya ƙera. Kwana goma sha ɗaya ana warware kawuna yana auna ƙarafansu ɗaya bayan ɗaya, har idanunsa suka yi ja, aka fitar da gajeru sama da dubu biyu. Aka ce ya rubuta yadda ake yi, daki-daki, ya rubuta: a kunna ta rabin awa kafin aiki, a daidaita da ƙarfen gwaji, a goge faranti, a goge gindin ƙarfe, kowace Litinin a auna abu ɗaya sau talatin a ga ko tana nan a kan maganarta, kuma abin da ta ba ja kada a sake ɗora shi don neman kore. Ya koya wa mutum biyu har suka iya.

Yanzu na ga wasunku sun fara murmushi, kuna jira in ce aka ɗaga shi aka ba shi kujerar manaja. Ku saurara dai.

Ƙarshen wata aka kira shi ofis aka miƙa masa takarda. An sallame shi. Laifi biyu aka rubuta: taɓa kayan kamfani ba da izini ba, da tsallake na gaba da shi. A bangon ɗakin awo kuwa an liƙa ƙa'idojin nan da ya rubuta, an buga su da inji tsaf, a ƙasa an sa: Tsarawa, Manaja Lurwanu.

Haladu ya samu Alhaji yana shirin shiga mota, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan takardar da saninka?"

Alhaji ya kau da kai, ya ce, "Malam Haladu, ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ka kunyata yaron nan a gaban ma'aikata. Uwarsa ƙanwata ce, kwana uku tana kuka a gidana. Ku biyu ba za ku zaunu wuri ɗaya ba, shi kuwa ba zan iya korarsa ba. Ka yi haƙuri."

Ka yi haƙuri! Subhanallahi. Mutum ya tsare maka sunanka, ya tsare maka dukiyarka, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin rayuka, sakayyarsa ita ce ka yi haƙuri. Wanda ya so ya aika wuta gidajen Musulmi yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin fanka, don uwarsa ta yi kuka kwana uku. To uwayen da za su yi kukan shekara da shekaru fa, da motar nan ta tashi?

Da Haladu ya shiga ɗakin awo ɗaukar 'yan komatsansa, Mati ya biyo shi, ransa a ɓace. Ya ce, "Ɗan nan, zanen nan na matarka ne. Tayar nan da kuɗinka ka saya. Mazaunin nan ni na yi maka, ba kamfani na yi wa ba. Kwashe abinka! Ka bar musu na'urarsu yadda ka same ta, mu ga ƙaryar mai tsarawa."

Haladu ya tsaya yana kallon rumfar. Kada ku zaci dutse ne shi, ransa ya ɓaci, har ya miƙa hannu ya kama gefen zanen. Sai ya sake shi.

Ya ce, "Baba Mati, in na cire, wa na hukunta? Lurwanu a gidansa ba da wannan kan ake girki ba. Matan mutane zan hukunta, waɗanda ba su san ni ba, ba su yi mini komai ba."

Ya juya wurin wanda aka sa a madadinsa ya ce, "Don Allah, ɗan'uwa, ko ana gaggawa, ka riƙa goge farantin." Ya ɗauki butarsa da dardumarsa ya fita.

Wata biyar ya yi ba aiki. Tabawa ta koma yin wankau, suka janye babbar 'yarsu daga makarantar kuɗi. Daga baya ya samu wata 'yar rumfa a bakin kasuwa yana gyaran risho da murhun gas da injin markaɗe. Bai yi arziki ba, jama'a. Ba zan ƙara wa labarin gishiri don ku ji daɗi ba. Yana samun na tuwo, wata rana da miya mai nama, wata rana babu. Kuma cikin gidaje dubu biyun nan da Allah ya tsare ta hannunsa, babu gida ɗaya da ya san sunansa. Ba wanda ke zuwa godiya a kan gobarar da ba ta tashi ba. Amma Wanda ba ya barci ya gani, kuma a wurinsa ba a liƙa sunan wani a ƙarƙashin aikin wani.

To yanzu in juyo kanmu, don ba na ba ku labarin nan ne don ku tsine wa Lurwanu ku tashi ku kakkaɓe riga ba. Darasin a fili yake: ma'aunin da ke canza magana ba ma'auni ba ne, kuma wanda ya san ma'auninsa na rawa ya bar shi haka don rawar tana yi masa amfani, ya ci amana ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba. Ubangiji ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma kada mai hatsi ya zaci da shi kaɗai ake.

Kai malamin makaranta da ke sake duba takardar ɗan mai kuɗi har sai ta ci, ta ɗan talaka kuwa dubawa ɗaya, da kai ake. Kai magini da ka san ƙarfen da ka sa a ginin bai kai ba, ka shafe da siminti, da kai ake. Kai da ke yawo daga malami zuwa malami da tambaya ɗaya, na farko ya ce haram, na biyu ya ce haram, ba ka tsaya ba sai da ka samu na bakwai ya ce maka halal, me ya raba ka da mai jiran rana ta faɗo kan faranti? Ke uwa, kai uba, da laifi in ɗanku ya yi kuskure ne, in ɗan maƙwabci ya yi iskanci ne, ma'auninku baki nawa gare shi? Kai mai gida, mai shago, mai kamfani, da aka kawo maka gaskiya ka karɓe ta ka kori wanda ya kawo ta don ya taɓa ɗan'uwanka, ka shirya amsar da za ka bayar.

Kuma kai da kake cewa ni dai ban sa hannu ba, ni dai ba ruwana, ka tambayi kanka ko motar ta fasa tashi.

Kowa ya koma gida yau ya duba abin da yake auna mutane da shi, ya gyara shi tun yana da iko, ko da gyaran zai ci masa kujera. Akwai ranar da za a ɗora ni, a ɗora ku, a kan ma'aunin da ba ya rawa, ba a girgiza shi, ba shi da ɗan ƙanwa. Sau ɗaya ake ɗorawa, kuma ba a cewa a sake. Allah ya sa mu cika a ranar. Ku ce amin.